Amsoshin Tambayoyinku: Muna So Mu Buɗe Gidan Tarihi a Illela, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA: Ni malamin makarantar firamare ne a garin Illela ta jihar Sakkwato. Muna da 'yar ƙungiya ta matasa, mukan yi gayyar yashe kwatoci da share maƙabarta. Kwanan baya muka raka ɗalibai ziyara Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da muka dawo sai muka ji sha'awar mu ma mu buɗe namu gidan tarihin. Amma da muka tuntuɓi manya, wasu suka ce Illela garin kasuwa ce, ba ta da wani tarihi. Wasu suka ce wannan aikin gwamnati ne. Wani kuma ya ce mu yi hattara kada mu buɗe ƙofar bidi'a. Ga shi ba mu da kuɗi. Shin akwai abin da talaka ɗan sa-kai zai iya yi a wannan fage, kuma ta ina za mu fara?

AMSA: Allah Ya saka muku da alheri, kai da abokan aikinka. Zan fara da abin da ba lalle ya yi maka daɗi ba: ku jingine maganar buɗe gidan tarihi tukuna. Ɗakin da aka tara tsofaffin kaya aka garƙame, babu mai gadi, babu mai shara, babu kuɗin gyaran rufi, ya fi saurin hallaka kayan fiye da ɗakin tsohuwar da aka karɓo su daga hannunta. Ita aƙalla takan fito da su ta kaɗe ƙura. Akwai aiki mai yawa da ya riga gini, kuma shi ne daidai ƙarfinku.

Mu ɗauki maganar masu cewa Illela ba ta da tarihi. Ka tsaya a kasuwarku ranar Lahadi ka dubi kusurwa huɗu. Arewa da ku, tafiyar 'yan mintuna, Birnin Ƙonni ne, garin da rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa a watan Mayu na 1899, ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa, bayan ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu wata guda kafin nan. Gabas da Ƙonni, wajen Galmi, akwai Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Kudu da ku, a ƙasar Gwadabawa, Degel take, inda ya zauna ya karantar har zuwa hijirarsa a watan Fabrairu na 1804. Yamma kuwa Gudu ce, inda aka yi masa mubaya'a, da Tafkin Kwato, inda aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na wannan shekarar. Can gabas Alƙalawa ce, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Duk wanda ya ratsa tsakanin waɗannan wurare da ƙafa ko a kan doki, ƙasarku ya taka ko ta maƙwabtanku.

Ita kanta iyakar da kuke ci daga gare ta tarihi ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a hannun Ingilishi. Sai Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Haka aka wayi gari wa yana ƙasa ɗaya, ƙane yana wata. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, nan da shekara talatin su ma labari ne da jikoki za su tambaya. Wa ya rubuta yadda fatake da 'yan kamasho da masu kabu-kabu suka rayu a waɗannan watanni? Garin kasuwa tarihinsa yana bakin dillalai da mahauta da masu masaukin baƙi, kuma kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani.

Saboda haka aikinku na farko littafi ne da biro da wayar hannu. Ku raba kanku biyu-biyu, ku bi unguwa-unguwa da ƙauyukan kewaye, ku rubuta abin da yake akwai: tsohon masallaci, tsohon zaure, rijiyar da aka fara haƙawa, marinar da aka daina, maƙera, kufai, tsohuwar maƙabarta, kukar da ake zama ƙarƙashinta, burtalin da shanu ke bi. Kowanne ku rubuta sunansa kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, da mai shi ko mai kula da shi, da halin da yake ciki, ku ɗauki hoto daga kowane gefe. Ku zauna da tsofaffi, maza da mata, ku naɗi muryarsu da izininsu. A nan kuna bukatar mata a cikin tafiyar, domin tsohuwar da ta san asalin kowane gida a unguwa ba za ta saki baki gaban samari ba. Kuma in labarin mutum biyu ya saɓa, kada ku yi alƙalanci. Ku rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi da ranar da ya faɗa.

Kafin ku taka ko'ina, ku fara da fada. Ku gai da hakimi, ku gaya masa nufinku, ya haɗa ku da dagatai da masu unguwanni da limamai. Babu tsohon ginin da ba shi da mai shi, ko da ya zama kango. Wanda ya shiga gidan gado da kyamara ba sallama, magada za su ɗauka awon fili ya zo yi.

Yanzu ga masu cewa aikin gwamnati ne. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma ita ke da ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihin ƙasa. Kufan Surame da ke ƙaramar hukumar Binji, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, yana cikin irin waɗannan tun 1964, kuma an sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007. To amma takardar ayyanawa ba ta cire ciyawa daga kan bango, ba ta kuma hana mai neman dutsen gini ya zo da amalanke. Idan wurin da ya kai Surame yana jiran a waiwaye shi, yaushe layi zai zo kan zauren wani malami a Illela?

Misalin da nake so ku riƙe yana kusa da ku ƙwarai. A jihar Tawa, a gundumar da ita ma sunanta Illela, takwarar garinku, akwai ƙauyen Yama kusa da Badagishiri. A 1962 mutanen ƙauyen suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani maginin garinsu, Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa. Ba ɗan kwangila, ba tallafi daga waje. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, mai hali ya ba da hatsi ko kuɗi. A 1975 da rufin ya bukaci gyara, ya sake shi da bakan gizo da ƙubba a tsakiya, daga 1978 zuwa 1982 kuma ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, kafaɗa da kafaɗa da ayyukan manyan masu zane na duniya. Abin da ya raya shi bai wuce abu biyu ba: ana salla a cikinsa kullum, kuma akwai masu hannun da suka san yadda ake yaɓe shi. A garin Dandaji, cikin wannan gundumar dai, da aka tashi gina sabon masallaci, maimakon a rushe tsohon na ƙasa sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018 bisa zanen Mariam Kamara, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda kowace shekara gari duka kan fito yaɓe, kamar ranar salla.

Ga kuma abin da sakaci ke haifarwa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana tsakiyar sallar La'asar, aka rasa rayuka. A daminar 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram shi ma ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya, yakan daɗe yana ba da sanarwa.

Wannan sanarwar ita ce ya kamata ɗan sa-kai ya koyi karantawa. Ka je gindin tsohon bango da rani ka durƙusa. Za ka ga daga ƙasa zuwa kamar kamu biyu ya zaizaye ya shige ciki, ƙasar ta yi laushi tana zuba in ka shafa, wani lokaci da farin gishiri-gishiri a jikinta. Wannan aikin ruwan da ke fantsama ne daga indararo, da danshin kwata, da fitsarin mutane da na dabbobi. Bango daga ƙafa yake mutuwa. Sai ka hau soro. Duba bakin kowane indararo, galibi za ka tarar ya toshe da ganye da leda da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta ya yi 'yar tafki, ciyawa ta tsiro, saiwarta ta bi tsaga ta sauka. Ka shiga ciki ka ɗaga kai ka dubi azara: in ka ga hanyar gara kamar jijiya a jikinta, ko garin itace a ƙasa, ko ta fara lanƙwasa a tsakiya, to a fitar da mutane a kira magini. Yashe indararo, cire ciyawa, cike tsaga, gyara gangaren ƙasa don ruwa ya guje wa bango, duk wannan aikin yini ɗaya ne ga mutum goma, kuma lokacinsa watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan fari. Yaɓe kuwa sai da gwani. Ku nemo tsofaffin maginan da suka rage, su nuna muku ramin da ake ɗebo ƙasa mai kyau, da yadda ake cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi a bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa kafin a shafa, da yadda ake dafa makuba daga ɓawon ɗorawa don ta hana ruwa shiga. Ku sa yaranku su tsaya kusa da su. In maginin ƙarshe ya rasu ba magaji, ko an kawo miliyoyi babu mai karɓa.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: kada ku shafa wa bangon ƙasa siminti. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, mai kuɗi ya ga masallacin kakanni ya tsufa ya ce a yi masa filasta. Shekara biyu ko uku abin gwanin kyau. Amma siminti ba ya barin danshi ya fita, ƙasar da ke bayansa sai ta jiƙe ta rabu da shi. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar ciki ya zama rami. Ranar da zai zube, da filastar da rabin bangon za su taho tare, kuma babu wanda ya ga tsagar da za ta gargaɗe shi domin an rufe ta.

Sai littattafai, waɗanda a ƙasar Sakkwato sun fi gine-gine yawa da daraja. Da wuya a rasa gidan malamai a yankinku da ba shi da gafaka ko tsohon adaka cike da rubutun hannu, na Larabci da na ajami: fiƙihu, wa'azi, wasiƙu, lissafin gado, takardun bashi na fatake. Kada ku ce a ba ku. Ku nemi izini ku zauna a zauren mai su, ku wanke hannu ku shanya, ku buɗe a kan tabarma mai tsabta a inuwa. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, don haka kada a ɗaga biyu lokaci guda. A ƙasan shafi za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai a gefe, ita ce kalmar farko ta warƙa mai zuwa, da ita ake gane jeri in sun hargitse. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ba tare da walƙiyar kyamara ba, ku mayar yadda kuka tarar. Ban da salatif a kan yagewa, ban da liƙe takarda cikin roba mai zafi irin ta katin shaida, ban da ɗaurewa a leda, domin leda gumi take sa wa. A naɗe da farin ƙyalle na auduga, a ɗora a kan wani abu sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa. Hotunan ku ajiye a wuri fiye da ɗaya, ku ba mai littafin nasa kwafin. In kun ci karo da abin da ya fi ƙarfin saninku, akwai masana a gidan tarihin Waziri Junaidu da kuka ziyarta, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna. Shi kansa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, da ƙoƙarin kansa ya tara ya kuma kwafe littattafan magabata, har gidansa ya zama wurin da masu bincike daga ƙasashe ke sallama.

Akwai wani haɗari da ya shafe ku musamman saboda kuna bakin iyaka. Da zarar an ji kuna neman tsofaffin kaya, za a fara zuwa muku da tayi: wani zai ce yana da mai saye a Kwatano ko Lome, wani ya ce ya san kufan da ake tono gumakan yumɓu. Irin waɗannan gumaka na yankin Sakkwato da Katsina da Nok suna cikin jerin kayan da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar a 2000 tana gargaɗin kada a saye su, saboda yawan satar su da aka yi. Dokar Najeriya ta hana tono ba izini, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukuma ta amince masa, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Ko ba doka, tulun da aka tono aka raba shi da ramin da ya fito ya rasa rabin labarinsa. In noma ko zaizayar ruwa ta fito da wani abu, ku ɗauki hoto a inda yake, ku sanar da dagaci da ofishin hukumar a Sakkwato. Kuma kada ku baza a Facebook cewa gidan wane akwai takobin zamanin jihadi. Littafin rajistarku ya zauna hannun mutum biyu amintattu.

Shi kuwa dattijon da ya yi maganar bidi'a, kada ku yi masa gardama, ku gayyato shi cikin aikin. Tsoronsa yana da tushe, domin an san yadda wasu ke ɗibar ƙasar kabari ko shafar bango don neman biyan bukata. Ku bambanta masa da aiki: ku masu share wuri ne da rubuta labarinsa, kuma allon da za ku kafa suna da shekara zai ɗauka. Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da kansu sun rubuta tarihin zamaninsu, Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi suna cikin manyan madogaran abin da muka sani game da Degel da Gudu. In limamin unguwa ne ya buɗe gayyarku da addu'a, rabin surutun ya mutu.

Ban manta da daji da ruwa ba, ko da yake ba ka tambaya ba. Tafkin Kalmalo yana ƙasarku, kuma ruwansa daga kwarin Majiya yake gangarowa ta Nijar, inda aka yi madatsun ruwa don noman rani na Ƙonni. Wannan kwari yana cikin ruwayen da Najeriya da Nijar suka sa hannu a kan rabonsu a Maiduguri a 1990. Rabon ruwa tsakanin ƙasashe ya fi ƙarfin ƙungiyarku, amma tambayar masunta da makiyaya inda bakin ruwa yake kaiwa a da, da irin kifi da tsuntsayen da aka daina gani, wannan kuna iyawa. Haka batun itatuwa. Manoman Maraɗi, tun daga shekarun 1980, suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ba tare da dashe ba. Gawo da kalgo da sabara da aduwa ba sa neman ban-ruwa, wuƙa kawai suke so da wanda zai hana a sare su.

Kuɗi kuwa, abin da na lissafa bai wuce na littafi da man babur da goron magina ba, karo-karon da kuke yi na yashe kwata zai ɗauka. Kada ku fara da neman tallafi, kada kuma ku fara da rigar ƙungiya da taron ƙaddamarwa. Ku zaɓi gini ɗaya tak a bana, wanda masu shi suka yarda, ku raka shi ya ƙetare damina. Wuraren da ke nesa da gari, musamman ta yamma wajen Gudu da Tangaza, ku bar su sai tsaro ya inganta, kada sha'awar tarihi ta kai ɗalibai inda jami'an tsaro ma ke shiga da shiri. Idan shekara ta zagayo kuna da rajista, da muryoyin tsofaffi, da gini ɗaya da ya tsira, sai ku nemi aron aji ɗaya a makarantarku ranar Asabar, ku manna hotuna, masu kaya su kawo kayansu da kansu su yi bayani, da yamma kowa ya koma da abinsa gida. Daga irin kayan da aka kawo da yawan waɗanda suka zo za ku gane ko Illela na bukatar ɗaki na dindindin, da kuma wanda zai riƙe makullinsa.